Goron da Na Ci a Gwiwa

Goron yana bakina, ban ma gama taunawa ba, na cafke hannunsa.

Hannun dama, mai zoben. Ya ɗaga ƙwan ke nan zai fasa a farin kwano, mata cike da tsakar gidan sun zuba ido, ƙawata tana gefe ta saita wayarta ta bakin hijabi kamar mai duba saƙo. Na kama wuyan hannun da hannuwana biyu, na danne shi a kan tabarma.

Ya ce, "Baiwar Allah, sake ni. Aljanin ne ke motsa ki."

Na ce, "Ba aljani ba ne, Yaya. Ni ce."

Shekara goma sha biyar rabon da ya ji wannan muryar ta kira shi Yaya. Na ga yadda idonsa ya fito, bakinsa ya ɗan buɗe. Wallahi ko a nan aka tsaya na ci riba.

Amma bari in koma baya, don in ban gaya muku ko shi waye ba, cewa za ku yi wata mahaukaciya ce ta taso daga Kano ta je ƙauye tana kokawa da mai magani.

Babana mai dabo ne. Ko in ce, da can. Wasu su ce rufa ido, wasu su ce siddabaru, shi dai "wasa" yake cewa. Gidanmu yana Kazaure, a gindin dutse, amma ba kasafai rana ke yi masa a gari ba. Yau kasuwar Roni, gobe Gwiwa, jibi ya nausa Babura, ya biyo ta Kanya Babba. Tsohon babur gare shi, ya ɗaure adakar ƙarfe a baya, kejin tantabara a samanta. Duk garin da ya sauka akwai mai kalangun da ya san shi. Sai ya ɗauki kara ya zana da'ira a ƙasa, shi ke nan fage ya buɗu. Ya yanka igiya gida uku ya hura mata iska ta haɗe. Ya haɗiye allurai ya zaro su a jere a zare. Ya kife ƙwarya babu komai, ya buɗe tantabara ta tashi. A Babura 'yan Nijar har sefa suke jefa masa, ya kawo mana silallan muna wasan 'yar kasuwa da su.

Babban wasansa na ƙwai ne. Zai karɓi ɗan ƙaramin abu a hannun wani, maɓalli ko ɗan kunne, ya ɓatar da shi a gaban kowa. Sannan ya ce wa mai abin ya je da kansa ya zaɓo ƙwai a faifan mai ƙwai. Ya fasa, sai ga abin nan a cikin gwaiduwa. Nan ne kasuwa take tashi da ihu.

Kuma kullum in zai rufe, maganarsa ɗaya ce: "Jama'a, hannu ne, ba aljani ba. Kowa ya je ya yi sallah." An sha biyo shi har gida ana neman laya ko maganin farin jini. Ya ce, "Hajiya, ni da ƙwai nake wasa, ba da rayuwar mutane ba."

Ni ce madubinsa. Da safe kafin in tafi makaranta zai zaunar da ni a gabansa ya ce, "Kalli hannuna. In kin gani, na faɗi." In na kama shi, ƙosai ne ladana. Tun ba na kamawa har na fara kamawa. A haka na san asirin zoben. Zoben azurfa ne mai faɗi, ta ciki wajen tafin hannu akwai ɗan rami da ake liƙa kakin zuma. Nan maɓallin yake maƙalewa, sai lokacin fasa ƙwai babban yatsa ya ture shi ya faɗa ciki. Shi ke nan fa. Abin da ke sa dattawa salati ke nan. Amma je ka gwada ka gani, Baba ya ce shekara biyu ya yi yana fasa ƙwai kafin hannunsa ya daina tona shi.

Shi kuma wanda nake ce wa Yaya ba ɗan gidanmu ba ne. Daga wani ƙauye kusa da Kanya Babba ya biyo Baba bayan wasa, yana saurayi, ya ce shi ko a kashe shi ba zai koma ba. Baba ya je ya nemi izinin kawunsa, ya kawo shi gida. Shekara bakwai yana cin tuwon Ummata. Ya goya ni a wuya ya kai ni kallon ruwa in dam ya cika. Baba bai ɓoye masa komai ba, har zoben ya nuna masa. Abu ɗaya ne ya kasa gyarawa: in zai saki abu daga tafin hannu sai ɗan ƙaramin yatsansa ya miƙe. Baba ya yi ta ɗalle masa shi da kara, a banza.

Rigimarsu a kan laya ce. Yaya ya ce mutane sun riga sun yarda, me zai hana in an gama wasa a sayar musu da ɗan ƙulli? Baba ya ce ba a fagensa ba. Magana ta yi tsami, Yaya ya tattara kayansa ya tafi. Shekara biyu ko labarinsa.

To akwai wata al'ada ta su Baba, sai kun san ta za ku gane sauran. Kafin mai dabo ya fara wasa, sai ya bi fuskokin jama'a da kallo. In akwai ɗan sana'a a cikin taron, zai sosa kunnen hagu da yatsa biyu. Ma'ana, na san abin da ka sani. Mai fage kuma sai ya kai masa goro. In ya karɓa ya ci, ya ɗaure bakinsa ke nan: ba zai tona ba, ba zai ɓata wasa ba, in ma an nemi ya taimaka zai taimaka. In bai yarda ba, ya mayar da goron, mai fage ya naɗe kayansa ya bar masa kasuwar, ba faɗa. Goron fage suke ce masa. Baba ya ce tun kakanninsa ba a taɓa jin wanda ya ci ya yi magana ba.

Ranar da aka fara ji, ina wurin.

Hutun makaranta ne, ina Roni wajen kakata ta wajen uwa, shekarata goma sha biyu. Ranar kasuwa na ji kalangu na san Baba ya iso. Na haye kan buhunan gyaɗa don in hango. Yana zana da'ira, yana bin fuskoki, sai na ga ya tsaya ya washe baki. Na bi inda yake kallo. Yaya ne, cikin farar riga, ya tara gemu, ga ƙaton carbi a wuya. Ya ɗaga yatsa biyu ya sosa kunne.

Baba da kansa ya ratsa mutane ya kai masa. Farin goro, wanda ya fi kowanne girma a aljihunsa. Har kafaɗarsa ya dafa. Yaya ya ɓare ya jefa a baki. Da idona na ga muƙamuƙinsa yana motsi.

Ban taɓa ganin Baba ya yi wasa kamar na ranar ba. Yaronsa ya dawo, so yake ya burge shi. Igiya, allurai, tantabara, komai ya tafi daidai. Aka zo kan ƙwai. Wani mahauci ya ba da maɓallin rigarsa, ya je ya zaɓo ƙwai. Baba ya ɗaga zai fasa, sai Yaya ya yi tsalle ya faɗo fage ya riƙe masa hannu.

"Jama'a! Ni yaronsa ne, shekara bakwai ina bin sa. Allah ya shirye ni na tuba. Ku zo ku ga yadda ake cutar ku!"

Ya murɗe hannun ya zare zoben, ya ɗaga sama, ga maɓallin mahauci a liƙe. Ya hankaɗe adaka, ya ɗauko ƙwaryar ya nuna cikinta biyu ne. Baba cewa kawai yake, "Ai na faɗa musu hannu ne. Kullum ina faɗa." Wa ke jin sa? Mutanen da ɗazu suke tafi su ne suka ji an mai da su wawaye. Wani ya ce ai satin da ya wuce an yanke masa aljihu a wajen kallon nan. Shi ke nan, aka ce ɓarawo. Aka rufa masa. Na ga hularsa ta yi sama. Na ga an take kejin da tantabarar a ciki. Na yi ihu har muryata ta tafi, wata mai daddawa ce ta riƙe ni kar in shiga.

Da dattawa suka raba, Baba yana zaune a ƙasa cikin da'irarsa, ya riƙe hannun dama da na hagu. Yatsa biyu sun karye, manuni da na tsakiya. Yaya kuwa ya ɓace, da zoben.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma a karkace suka haɗe. Mutumin da ke zaro allura goma a zare ya koma ba ya iya saka maɓallin rigarsa sai Umma ta taya shi. Adaka ta shige ƙarƙashin gado. Ya samu gadi a wani siton hatsi, har yau shi yake yi. Labari ya riga shi zuwa ko'ina. A makaranta sai in ji daga bayan aji, "'Yar mai zobe, a fasa mana ƙwai mana." Na yi dambe ya fi a ƙirga.

Ko sau ɗaya ban ji Baba ya zage shi ba. In na tayar da maganar sai ya ce, "Uwata, bar shi da Allah." Haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa gare ni. In ce to. A baki kawai.

Yanzu ina Kano wajen yayar Ummata, turaren wuta da humra nake sayarwa ta waya. Aikina ke nan duk yini: hoto, sitatus, oda, ɗan acaba ya zo ya ɗauka. Wata rana ina cikin adaidaita, cunkoso ya tsayar da mu, ina ta latsa sitatus ɗin kwastomomi don rage zafi. Sai ga na wata kwastomata 'yar wajen Gwiwa. Wani malami ne ya goga wa wata mata ƙwai a ka, ya fasa a kwano, sai ga allurai ɗaure da baƙin gashi. Mata suna ta salati. Ta rubuta a ƙasa: Allah ya raba mu da maƙiya.

Har na wuce na dawo. Na tsayar. Na ja hoton da yatsa biyu ya ƙara girma. Fuskar ta yi ƙiba, gemun ya fara furfura, zan iya yin musu a kanta. Amma ɗan ƙaramin yatsan nan ya miƙe tsaye kamar eriya. Ga zoben kusa da shi.

Mai adaidaita ya ce, "Hajiya, mun zo fa." Ban ji ba sai da ya maimaita sau uku.

Na kira ta kamar maganar oda ce, na zagayo. Ta ce ai malamin nan sai wanda ya gani, a wani ƙauye gaba da Gwiwa yake, Talata da Asabar yake zama, mata har daga Daura zuwa suke. In ya ciro allurar kuma sai ya siffanta miki wadda ta yi miki: doguwa ce, baƙa, gidanta na gabas da naku. Ta ce gwaggonta ma haka aka gano maƙwabciyarta ce, yanzu ko gaisuwa ba sa yi.

Kar in yi muku ƙarya in ce tausayin matan nan ne ya tayar da ni. Na ji ba daɗi, e. Amma da wani ne daban yake yi, da na yi tsaki na wuce. Yatsun Baba ne suka tayar da ni. Wato tuban nan duk ƙarya ne. Zoben yake so, da kasuwar da babu wanda zai tsaya a ƙarshe ya ce hannu ne.

Mako biyu ina kallon bidiyon nan har na haddace inda yake numfashi. Na samu ƙawata, tela ce, irin mutanen nan da in an ce rigima sai su ce bari in ɗauko takalmi. Na gaya mata komai.

Ta ce, "Ke, in aka yi mana duka fa?"

Na ce, "Ke dai riƙe waya, kar hannunki ya yi rawa."

"Kuɗin mota ke za ki biya, da nama a hanya."

Asabar da sassafe muka tashi. Da muka shiga Kazaure na sauke niƙabi na sunkuyar da kai, kar wani ɗan unguwarmu ya gan ni a tasha ya kai labari gida. Muka canza mota zuwa Gwiwa, daga nan acaba, ta cikin gonakin gero da ya fara fitar da kai. Ɗan acaban bai ma tambaye mu ba, yana ganin mata biyu da niƙabi ya ce, "Gidan Malam ko?"

Gida ne babba, sabon bulo, ga mota a ƙofa an lulluɓe ta. Maza suna zaune a waje ƙarƙashin darbejiya suna jiran matansu. Ciki kuwa tabarmi ne jere, tsofaffi, masu goyo, wata an kwantar da ita ba ta ko iya zama. Ga kiret na ƙwai a gefe, kowa sai ta saya a nan.

Da zan iya jira kawai ya fara in tashi in kama shi. Ƙawata ma haka ta ce in yi. Amma ba tona shi kaɗai nake so ba. So nake ya ba ni goro da hannunsa. So nake ya yarda da ni, ya saki jiki, ya ji daɗin ganin na gida, yadda Baba ya ji.

Ya fito da babbar riga da rawani, ana ta "Allah ya gafarta Malam." Ya zauna a kan buzu. Kafin ya ce komai sai ya bi fuskoki da kallo, ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina, a'a, ashe karatun Baba bai fita ba. Da idonsa ya iso kaina na ɗaga yatsa biyu na sosa kunnen hagu ta kan hijabi.

Ya wuce ni. Ya dawo. Na sake sosawa.

Mace 'yar sana'a, bai taɓa gani ba. Sai ya sa hannu a aljihu.

"Baiwar Allah mai baƙin niƙabi, matso nan. Naki ya fi na kowa nauyi, tun daga nesa na gani."

Na matsa na durƙusa. Ya miƙo goro, ya ɗaga murya ya ce, "Ci wannan, an yi masa tofi." Sannan ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji: "A rufa wa juna asiri, 'yar uwa."

Ni ba na cin goro, ɗacinsa tayar min da zuciya yake. Na ɗan ɗage niƙabin na gatsa, na tauna a gabansa yana kallo. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Har murmushi ya yi. Kuma ga inda ya kashe kansa: tunda na ci, a ganinsa na zama 'yar taya wasa. Wa ya fi dacewa a buɗe zama da ita in ba wadda za ta faɗi ta yi birgima a daidai lokacin da ake so ba?

"Me ke damun ki?"

"Zuciyata ce, Malam. Shekara goma sha uku tana ci na."

"Kun ji ko? Tsohon sammu ne. Ɗauko ƙwai da hannunki."

Na ɗauko. Ya goga min a ka, a kafaɗa, a baya, yana ta motsa baki. Ya jawo farin kwano. Ya ɗaga ƙwan. Ɗan yatsan ya fara miƙewa.

Nan ne na cafke shi. Nan ne na ce masa ni ce.

Na fizge niƙabin gaba ɗaya don ya gan ni da kyau, dama kowa cewa yake da Baba nake kama. Ya yi ƙoƙarin dunƙule hannu, na sa gwiwa na danne, na murɗe zoben ya fita. Na miƙe na ɗaga shi sama. Allura uku, ɗaure da gashi, liƙe da kaki.

"Iyayena, ku duba! Ba a jikina suke ba, ba a ƙwai suke ba, a hannunsa suke!"

Na ɗauki ƙwan na fasa da kaina. Fes, gwaiduwa ce kawai. Na fasa na biyu, na uku. Na bi su da zoben layi-layi, kowa ta leƙa. Can wata tsohuwa ta ce, da wata 'yar siririyar murya, "Yarinya, wato ƙanwata ba ta yi min komai ba?"

Na ce, "Inna, ba ta yi ba."

Ta ɗora hannu a ka. Daga nan ne ihu ya tashi, mazan waje suka danno ciki.

Kafin su iso gare shi ya kamo bakin hijabina, ya ce, "Kin ci goro fa."

Na ce, "Kai ma ka ci."

Na tofar da sauran a kan buzunsa na ja da baya.

Suka rufa masa. Rawani ya warware, kiret ya kife, ƙwai ko'ina. Ina jin sa yana cewa, "Ƙanwata! Ƙanwata, ki ce su bari!" Mutumin da ya goya ni a wuya. Ina tsaye. Na ga wani ƙato ya take masa hannu da takalmi, na ji ƙarar da ya yi, ban kau da kai ba. Ƙawata ce ma ta sauke waya tana cewa ya isa haka. Sai da mai unguwa ya zo da mutanensa suka janye shi zaure suka kulle.

Kuna so in ce jikina ya yi sanyi? Bai yi ba. A tashar Gwiwa na sayi lemo mai sanyi na shanye a tsaye, na yi dariya har da hawaye. Sabis na dawowa na saki bidiyon a duk gurup ɗin da nake ciki. Na ƙara da murya, na bayyana komai dalla-dalla: ramin zobe, kakin zuma, sosa kunne, goron fage, duka. Kafin mu iso Kazaure wayata har zafi take.

Bayan la'asar na shiga unguwarmu. Baba yana ƙofar gida a kan tabarma, bai tafi wajen gadi ba tukuna. Na durƙusa na gaishe shi.

"Uwata! Saukar yaushe? Ba ko waya?"

Na ciro zoben na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon sa bai taɓa ba. Na kunna bidiyon na sa masa a hannu. Ya riƙe wayar da karkatattun yatsun nan ya kalla har ƙarshe, har muryar da na ƙara. Ina jira. Shekara goma sha uku ina jiran fuskar da zai yi.

Ya ce, "Mayar min baya. Wajen da kika durƙusa."

Na mayar.

"Me ya ba ki?"

"Goro, Baba."

"Kin mayar masa?"

Na kau da kai gefe.

"Buɗe bakinki."

Ban buɗe ba, amma ai ya riga ya ga jan a haƙorana.

Na ce, "Baba, shi ma fa haka ya yi maka. Cutar mutane yake, yana raba zumunci."

"Na ji. Da kin mayar masa da goron kin kama shi, da ni zan raka ki. Kika ci."

"Baba, yatsunka fa."

Ya ɗaga su ya kalla. Ya ce, "Waɗannan ya karya. Abin da bai iya karyawa ba shi ne, duk inda 'yan sana'a suka zauna ana cewa gidana ba a ci goro an yi magana ba, baƙo ne ya yi. Yanzu me za a ce? Kuma shi a kasuwa ɗaya ya tona ni. Ke kin tona mu a wayar kowa."

Ya sa bayan hannu ya turo min zoben. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa da tocila ya tafi aiki, tun rana ba ta faɗi ba.

Umma tana bayan ƙofa, ta ji komai. Da ta zuba min tuwo, tsoka uku na tarar a ƙasan miya, kuma da zan tafi ta matse min hannu sosai.

Wata biyu ke nan. In na kira, Baba ya amsa sallama, ya ce lafiya lau, ya miƙa wa Umma. Bai sake ce min Uwata ba. Umma ta ce wani tsohon abokinsa da har yanzu yake zagaya kasuwannin Babura ya zo gida yana ba Baba labari, wai yana zana da'ira matasa suka fara ihun "Cire zobe! Cire zobe!" Wannan kam ya taɓa ni, don tsohon yana ba ni alawa ina ƙarama, kuma bai taɓa cutar kowa ba.

Shi kuwa Yaya, kwastomata ta ce an rufe gidan, ya tsallaka iyaka da hannu a ɗaure. Gwaggonta ta je ta ba maƙwabciyarta haƙuri. Na ce madalla. Sannan na tambaye ta abin da ya sa na kira: yatsa nawa aka karya masa? Ta ce an ce ɗaya.

Ɗaya. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, saura ɗaya. Na yi istigfari, amma ya riga ya zo.

Zoben yana nan a durowar da nake ajiye kwalaben humra, ya yi min yawa ko a babban yatsa. Ina son Baba ya sake kira na Uwata, Allah ya sani. Umma ta ce in je in durƙusa in ce na yi nadama, zai huce. Na rubuta masa saƙon ban haƙuri ya fi sau goma ina gogewa, don ban taɓa yi masa ƙarya ba, kuma shi mutum ne da ke ganin abin da aka ɓoye a tafin hannu.

To ku da ba ku ci goron kowa ba, ku gaya min tsakani da Allah: in babanku aka karya wa yatsu a tsakiyar kasuwa kuna kallo, sannan wanda ya jawo ya miƙo muku goro da hannunsa, mayar masa za ku yi ko taunawa?